Magangarun Ruwa na Tsaunukan Jihar Kuros Riba

Magangarun ruwa na Jihar Kuros Riba wurare ne da koguna da ƙoramu ke faɗowa daga kan duwatsu a kudu maso gabashin Najeriya, tsakanin gaɓar Tekun Atlantika da iyakar Kamaru. Waɗanda suka fi suna su ne Kwa a ƙaramar hukumar Akamkpa, da Agbokim a ƙaramar hukumar Etung, sai ƙananan magangaru na kan tsaunin Obudu a ƙaramar hukumar Obanliku. Wasu baƙi suna haɗa ziyararsu da hutun ƙarshen shekara a Kalaba, inda ake kanibal a Disamba, wato bikin ado da raye-raye a kan titi da aka fara a 2004.

Yanayin ƙasa da ruwan sama

Kogin Kuros ya taso ne daga Kamaru, inda ake kiransa Manyu. Yana shigowa Najeriya ta wajen Ikom, ya yi lanƙwasa babba zuwa yamma, sannan ya gangara kudu ya shiga teku a kusa da Kalaba. A cikin wannan lanƙwasa tsaunukan Oban suke, tsofaffin duwatsu masu tauri waɗanda ruwa ba ya saurin ci. Inda dutse mai tauri ya haɗu da mai laushi, ruwa kan cinye mai laushin a hankali, ya bar mai taurin tsaye kamar bango, kogin ya riƙa faɗowa daga kansa. A gindin bangon kuma ruwan da tsakuwar da yake juyawa su haƙa gurbi mai zurfi. Haka yawancin magangarun jihar suka samu.

Kalaba na samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, kan tsaunin Obudu kuwa ya haura 4,000. Birnin Bauchi na samun kimanin 1,000, Gombe ƙasa da haka. Damina a can takan faɗi tun Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, da ɗan sararawa a wasu shekarun cikin Agusta. Saboda haka lissafin mutumin Arewa, wanda ya saba ganin an fara kaka a ƙarshen Satumba, ba ya aiki a nan: lokacin da ake yankan gero a Darazo ko Dukku, kogunan Kuros Riba suna maƙil.

Tarihi

Kalaba tsohuwar tashar ciniki ce ta Efik, ta yi cinikin bayi, daga baya na manja. Ita ce hedikwatar mulkin Turawan Ingila a kudancin Najeriya har zuwa 1906 da aka mayar Legas. An ƙirƙiri jihar a 1967 da sunan Jihar Kudu maso Gabas, aka sauya mata suna zuwa Kuros Riba a 1976, aka cire Akwa Ibom daga cikinta a 1987.

Ƙasar Agbokim ta Ejagham ce, mutanen da ke zaune a ɓangarori biyu na iyakar Najeriya da Kamaru, waɗanda ake danganta tsohon rubutun alamomi na nsibidi da su. A ƙauyukan da ke arewa da Ikom, musamman Alok, akwai sassaƙaƙƙun duwatsu masu siffar mutane da ake kira akwanshi, galibi a jere cikin da'ira. Wani jami'in mulkin mallaka, Charles Partridge, ya ba da labarinsu a 1905, kuma a farkon shekarun 1960 Philip Allison ya bi ƙauye-ƙauye ya ƙidaya kusan 300. Tsayinsu ya kama daga ƙasa da rabin mita zuwa kusan mita biyu. Masana ba su daidaita kan shekarunsu ba: wasu na cewa daga ƙarni na 16 ne zuwa farkon na 20, wasu na kai su baya da fiye da shekara dubu. An sace da dama, an kuma gan su a gidajen tarihi na ƙetare. Tun 2007 suna cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya.

Labarin Obudu na kiwo ne kafin ya zama na shaƙatawa. Bisa ruwayar da aka fi yaɗawa, wani ɗan Sikotilan mai suna McCaughley ya hau tsaunin a 1949, ya dawo da wani makiyayi, Hugh Jones, aka kafa gonar shanu a 1951. Dalilin zaɓen wurin shi ne irin na Mambila a Taraba: ciyawa shar, sanyi, kuma babu ƙudan tsando da ke hana shanu zama a kurmi. Mutanen Becheve suna zaune a kan tsaunin tun kafin zuwan Turawan. A zamanin gwamna Donald Duke, daga 1999 zuwa 2007, aka sabunta wurin ya zama masaukin 'yan yawon buɗe ido, aka kafa motar igiya, mai ɗaukar mutane ta sama zuwa kan tsaunin, tsawon kusan kilomita 4, a 2005, shekarar da aka fara gasar gudun hawan tsaunin.

Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba an kafa shi a 1991. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 4,000 ne, kashi biyu: Oban a kudu, wanda ya haɗe da gandun Korup na Kamaru, da Okwangwo a arewa, wanda ya haɗe da Takamanda.

Kwa

Ita ce mafi kusa da Kalaba, tafiyar kimanin awa guda a mota ta hanyar Oban, a bakin ƙauyen Aningeje, kusa da gonar kwakwar manja. Kogin Kwa ya matse cikin wani kwazazzabo mai zurfi, ya faɗo cikin gurbi da itatuwan kurmi suka rufe. Daga inda mota ke tsayawa ana sauka ne ta matakala da ake ƙidaya takunta 234. Saukar ba ta da wuya, hawan ne ke gwada mutum, domin iskar kwarin na ɗauke da danshi mai yawa, gumi ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Mai hawan jini, mai ciwon gwiwa da mai tsohon ciki gara su tsaya a sama. Sauran su riƙa hutawa bayan kowane taku talatin zuwa arba'in.

Agbokim

Tana kimanin kilomita 17 daga Ikom, cikin ƙasar koko da ayaba, kusa da iyakar Kamaru. Ba tsayinta ne abin kallo ba, faɗinta ne: ruwan ya rabu gida bakwai a kan bakin dutse, kowane reshe da mafaɗarsa, su haɗu a ƙasa su nufi Kogin Kuros. A tsakiyar damina rassan kan cika su haɗe su zama shimfiɗa guda, feshin ya tashi har ya jiƙa wanda ke tsaye nesa, idan rana ta fito a ga bakan gizo a cikinsa. A Fabrairu da Maris wasu rassan kan ragu su koma zirara. Wanda yake son ya ga bakwai ɗin a rarrabe, kowanne da ƙarfinsa, ya zo a Nuwamba. Hanyar sauka zuwa gindi ta ƙasa ce da dutse, ba a binta sai da ɗan jagora daga ƙauyen.

Obudu

Tsaunin ya kai kimanin mita 1,576 sama da teku. Da yake zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000, ana samun bambancin digiri tara zuwa goma tsakaninsa da Kalaba, dare kuma sai da bargo. Magangarun nan ƙanana ne. Wadda ake kira Grotto tana kusa da masauki, da gurbin wanka mai tsananin sanyi. Akwai wata mafi girma can cikin kwari wadda zuwa da dawowa kan cinye yawancin yini. Hazo kan sauko ba sallama ya rufe hanya, shi ya sa ake fita da sassafe.

Lokacin ziyara

Ruwan ya fi ban sha'awa daga Yuli zuwa Satumba, kuma a daidai lokacin ne ya fi haɗari, hanyoyin ƙasa suka fi caɓewa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba ruwa na da sauran ƙarfi, hanya ta fara bushewa, sama kuma a washe. Bayan haka hunturu kan kai ƙura har can, masaukan Kalaba su cika su yi tsada saboda kanibal.

Hanya daga Bauchi da Gombe

Daga Bauchi ana bi ta Toro zuwa Jos, a gangara Hawan Kibo, kusa da magangarar Assop, a wuce Akwanga da Lafiya da Makurɗi da Gboko da Vandeikya. Daga nan hanya ta rabu: ɗaya ta nufi Obudu, ɗaya Ogoja da Ikom da Ugep har Kalaba. Daga Gombe kuwa ana bi ta Kaltungo da Numan da Jalingo da Wukari da Zaki Biam da Katsina-Ala. Ko ta ina aka bi tafiyar kwana biyu ce, a kwana a Lafiya ko Makurɗi, ko a Jalingo ko Wukari. Ba a tafiyar dare, kuma ana tambayar direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a tashi. Mai jirgi sai ya bi ta Abuja zuwa filin jirgin Margaret Ekpo a Kalaba. Wanda ya taho ta mota ya fi masa sauƙi ya fara da Obudu, sai Agbokim, ya ƙare da Kwa.

Hawan Obudu kilomita 11 ne masu lanƙwasa kusan ashirin. A hawa injin ne ke zafi, don haka a duba ruwan lagireto da fanka tun a ƙasa. A sauka birki ne matsala: direban da ya dafe shi tun daga sama zai sa ya yi zafi har man birki ya tafasa, feda ta nutse ba kamu. Ana saukowa ne a giya ta ɗaya ko ta biyu, injin ya riƙe motar, ana taɓa birki kaɗan-kaɗan. Da an ji ƙaurin ƙuna sai a tsaya ya huce da kansa, ba a watsa masa ruwa.

Haɗurra da dalilansu

Santsi ne ya fi kayar da mutane. Dutsen da feshi ke jiƙawa kullum yakan yi gansakuka, wani lokaci baƙa siririya wadda ido ba ya rabe ta da dutsen. Silifas da takalmin fata mai sumul ba su da amfani a nan, sai kambas mai ƙasan roba mai zane. Doguwar riga da zane mai jan ƙasa kan sha ruwa su yi nauyi su harɗe ƙafa, don haka maza su naɗe wando, mata su sa wando a ƙarƙashin hijabi mai tsayawa a gwiwa. Yawancin faɗuwa daga sama na faruwa ne wajen ɗaukar hoto, mutum yana ja da baya, idonsa na kan waya.

Gurbin gindin ruwa ya fi yadda ake ganinsa haɗari, ko ga wanda ya iya iyo a Wikki ko Dadin Kowa. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya nauyinsa kilo 1,000 ne, wato buhun siminti ashirin, kuma idan ya faɗo daga tsayin mita 20 yana isowa da gudun kusan kilomita 70 a awa. Inda ya daki gurbin sai ya nutse ƙasa, ya taso can gaba, ya juyo ta sama ya koma wajen mafaɗar, abin da ya shiga wannan juyi ya yi ta zagayawa. Farin kumfan kuma rabinsa iska ce, ba ya ɗaukar jikin mutum kamar ruwan kwance. Wanda juyin ya kama ba ya fita ta sama, sai dai ya nutsa ya bi ruwan ƙasa ya fitar da shi. Mai ceto ya jefa igiya ko ya miƙa gora daga kan tudu, kada ya faɗa. Ba a yin tsalle cikin gurbi, domin kowace damina tana sauya wa duwatsu da kututturan ƙarƙashinsa wuri.

Ruwan da aka yi a kan tsauni na iya isowa kwari alhali rana na haskawa a inda ake tsaye. Alamominsa uku ne: ruwa ya juya ja, ganyaye da karmami su fara gangarowa, ƙugin ya ƙaru. Da ganin ɗaya sai a haye tudu, a bar kaya. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da babban mutum.

Lafiya da guzuri

Baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar rafi a ruwa mai gudu yake hayayyafa, kuma da rana yake cizo. Cutar kan kama wanda aka daɗe ana cizo ne, amma riga mai dogon hannu da safa da man korar ƙwari suna rage kaikayi. Tsargiya a ruwan kwance take, inda dodon koɗi ke zama. Sauro na nan duk shekara a kwari, saboda haka zazzaɓin da ya biyo bayan dawowa gida a je a yi gwaji. Matsattsaku ba a fizge shi, ana zura farce ne ƙarƙashin bakinsa a ture, a danne wurin, domin yawunsa na hana jini daskarewa.

Kowane mutum ya riƙe ruwan sha lita biyu, da garin gishiri da sukari na haɗawa, da leda mai zik don waya, da kayan canji, da tocila, da tsabar kuɗi ƙanana saboda kuɗin shiga da ladan ɗan jagora, wanda ake daidaitawa kafin a sauka. Sabis na waya kan ɗauke a cikin kwari.

A Kalaba unguwar Bogobiri ce mazaunin Hausawa, da masallaci da mahauta da masu tsire. A ƙauyuka ana sayar da naman daji iri-iri, sai a tambaya kafin a ci, ko a tsaya ga kifi da doya da ayaba. Alƙibla daga Kalaba tana wajen digiri 59 daga arewa, ta Bauchi kuwa wajen 65, wato ta Kalaba ta ɗan fi karkata hagu.

Halin da ake ciki

Kula da wuraren na hawa da sauka da sauyin gwamnati. Motar igiyar Obudu ta sha tsayawa na dogon lokaci. Sare itatuwa da faɗaɗa gonaki na rage kurmin da ke riƙe ruwan ƙoramu a rani. Babbar hanyar kilomita 260 da aka ƙaddamar a 2015 don ratsa jihar daga kudu zuwa arewa ta jawo jayayya da al'ummomin kurmi da masu kare muhalli, aka sauya mata layi, ba a kuma kammala ta ba.