Waiwaye: gwajin magungunan tallafi ga yara masu maleriya mai tsanani

Daga ƙarshen damina zuwa watan Nuwamba, ɗakunan kwanciyar yara a Sinnar da Singa da Gadarif na ƙasar Sudan kan cika da masu zazzabin cizon sauro. Mafi yawansu kan tashi bayan kwana uku na magani. Kaɗan daga ciki kuwa a sume ake kawo su, ko suna jijjiga, ko suna jan numfashi mai zurfi, tafin hannu fari fat don ƙarancin jini. Su ne masu maleriya mai tsanani, kuma saboda su aka shafe fiye da shekara 40 ana neman abin da za a haɗa da maganin kashe ƙwayar cutar domin a rage mutuwa.

Maganin kashe ƙwayar kam ya inganta. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin AQUAMAT, wanda ya ƙunshi yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin masu atesunet kashi 8.5. Shekara guda bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba: miligram 2.4 kan kowane kilo ta jijiya, nan take, sai bayan awa 12, sai a awa ta 24. Daga baya aka ɗaga wa yaron da bai kai kilo 20 ba zuwa miligram 3. To amma kashi 8.5 ɗin nan yana nan, kuma da yawansu a yinin farko suke cikawa. Jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sun riga sun manne a ƙananan jijiyoyi sun toshe hanya, jini ya yi tsami, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoda ta fara gazawa. Kashe ƙwayar cutar ba ya warware wannan ɓarnar a cikin 'yan awoyi. Magungunan tallafi ita suke son tarewa.

Na farkon da aka gwada da kyau shi ne deksametason. Likitoci sun daɗe suna ba da shi bisa hujjar da kowa zai yarda da ita: akwai kumburi a kai, ga maganin kumburi. A 1982 David Warrell da abokan aikinsa suka raba marasa lafiya 100 masu maleriyar ƙwaƙwalwa gida biyu a Tailan. Mutuwa ba ta ragu ba, suma ta ƙara tsawo ga waɗanda aka ba maganin, kuma ciwon huhu da zubar jini a ciki sun fi yawa a cikinsu. A Gambiya, a 1996, an gwada wani sinadari mai toshe TNF, ɗaya daga abubuwan da jiki ke fitarwa lokacin zazzaɓi. Bai ceci rai ba, kuma naƙasar ƙwaƙwalwa ta fi yawa ga yaran da suka karɓe shi. Desferoksamin, mai tsotse sinadarin ƙarfe, ya ba da fata a ƙaramin gwaji a Zambiya a 1992, da aka faɗaɗa gwajin sai fatan ya gushe. Manitol, wanda ake zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa da shi, bai nuna amfani ga yara 156 a Kamfala a 2007 ba.

Gwaji biyu ne suka fi girgiza masu aikin yara, kuma su ya fi kamata ma'aikacin jinya a asibitin karkara ya riƙe.

Na ɗaya na fenobabital ne a Kilifi, gaɓar tekun Kenya, wanda aka buga a 2000. Jijjiga mai maimaituwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, saboda haka aka ce a tare ta tun kafin ta zo. Yara 340 da ke cikin doguwar suma aka raba biyu, rabi suka samu allura guda ta miligram 20 kan kowane kilo, rabi suka samu allurar da ba magani a cikinta. Jijjigar ta ragu sosai, kamar yadda aka zata. Amma yara 30 suka rasu a ɓangaren maganin, 14 a ɗaya ɓangaren, wato kashi 18 da kashi 8. Garin gyaran gira aka rasa ido. Dalilin shi ne numfashi: fenobabital na danne cibiyar numfashi, dayazefam, maganin da ake tsayar da jijjiga da shi, ma haka, kuma haɗarin ya fi tsanani ga yaron da aka haɗa masa fenobabital da dayazefam sau uku ko fiye, a ɗakin da ba injin taimakon numfashi. Da jijjiga kaɗai masu binciken suka ƙirga, da sun yi shelar nasara. Shi ya sa ƙa'ida a yau ita ce ba a ba da maganin jijjiga don rigakafi. Idan ta zo ta daɗe, a ba da dayazefam miligram 0.3 kan kilo ta jijiya a hankali, ko 0.5 ta dubura, kada a wuce sau biyu a awa 24, kuma a zauna kusa ana ƙirga numfashi.

Na biyu shi ne FEAST, a kan ƙarin ruwa. A asibitocin Turai da Amurka, yaron da zazzaɓi ya kai ga hannuwansa sun yi sanyi, bugun jini ya raunana, akan ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya, kuma masu binciken kansu sun shiga aikin ne da zaton za su tabbatar da amfaninsa. Yara 3,141 aka ɗauka a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kashi 57 cikin ɗari suna da maleriya. Wasu aka ba su ruwan gishiri mililita 20 zuwa 40 kan kilo da sauri, wasu ruwan albumin (wani sinadarin furotin na jini), wasu kuma ruwan da ke ɗiga a hankali kawai. Cikin awa 48, kashi 10.5 da 10.6 suka rasu a rukunonin ɗuri, kashi 7.3 a rukunin da ba a ɗura wa ba. Kwamitin sa ido ya tsayar da gwajin a watan Janairun 2011. Abin da ya sa aka daɗe ba a gane ba shi ne yaron da aka ɗura wa ruwa yakan ɗan farfaɗo a awar farko, hannu ya yi ɗumi, kowa ya ga kamar an yi dace, sai daga baya zuciya da jijiyoyi su durƙushe. A kula: gwajin bai haɗa da masu gudawa da bushewar jiki ko masu tamowa mai tsanani ba. Yaron da amai da gudawa ya zuƙe yana buƙatar ruwansa, kuma a duk lokacin da kwalara ke yawo a Sudan wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Mu dai a ganinmu, iyayen da ke matsa wa ma'aikaci a kan "a sa masa ruwa" sun cancanci a zaunar da su a yi musu wannan bayanin, maimakon a rataya leda don a faranta musu.

Ƙarin jini ma ya zo da nasa sarƙaƙiyar. Gwajin TRACT na 2019, a Yuganda da Malawi, ya kwatanta mililita 20 da 30 kan kilo. Mililita 30 ta rage mutuwa ga yaran da jikinsu ba zafi, ta ƙara ta ga masu zafin da ya haura 37.5. Ma'aunin zafi na hammata ya zama abin da za a duba kafin a yanke yawan jinin.

Waɗannan darussa ne suka sauya yadda ake gwaji yanzu. Misali mai kyau shi ne rosigilitazon, maganin ciwon sukari da aka ga yana kare jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓeraye. An fara gwada shi ga manya a Tailan. Sannan a Manyisa ta Mozambik aka ɗauki yara 30 masu maleriya marar tsanani, 20 suka sha miligram 0.045 kan kilo sau biyu a yini na kwana huɗu tare da maganin maleriyarsu, 10 suka sha ƙwayar da ba komai a ciki. Abin da aka bibiya shi ne inda ake tsoron maganin zai yi ɓarna: sukarin jini, tunda maleriya da kanta tana saukar da shi, da awon bugun zuciya, da hanta, da yawan jini. Sai da wannan ya wuce lafiya aka shiga masu tsanani, yara 180. A nan ma ba a ga illa ba, amma ba a ga amfanin da ake nema ba. Haka ta kasance da iskar naitirik oksaid da aka shaƙa wa yara a Jinja ta Yuganda, cikin gwajin mutum 180 da aka buga a 2015, inda dole aka riƙa auna jini saboda iskar na sauya haimogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya kasa ɗaukar iskar numfashi.

Akwai lissafin da ya kamata mai karanta labarin irin wannan gwaji ya sani. Idan yara 20 suka sha magani ba wanda ya samu matsala, wannan bai kore yiwuwar illar da ke samun kusan yaro ɗaya cikin bakwai ba. Don a tabbatar magani ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin biyar daga matakin da atesunet ya bar ta, ana buƙatar yara fiye da 7,000. Shi ya sa ƙananan gwaje-gwaje ke fakewa da auna wani sinadari a jini, wanda zai iya gyaruwa ba tare da yaron ya rayu ba. Ga kuma matsalar tantance cutar kanta. Binciken gawa a Balantaya ta Malawi, a 2004, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su wani abu ne daban ajalinsu. Tun daga nan ake leƙa bayan ido da fitila a nemi tabon da maleriya ke bari, kafin a sa yaro a gwaji.

Kusan duk waɗannan gwaje-gwajen an yi su ne inda sauro ke cizo shekara zagaye. Tsakiyar Sudan da gabashinta daban suke. Dogon binciken da aka yi a ƙauyen Darawish, kusa da Gadarif, ya nuna cutar kan zo ne a 'yan watanni bayan damina, wata shekarar da ƙarfi, wata kusan babu. Garkuwar jiki ba ta ginuwa da wuri, saboda haka yaro ɗan shekara 10 ma kan faɗa cikin mai tsanani. A yankin noman rani na Jazira kuwa, tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, magudanan ruwa sun tsawaita lokacin sauro. Ga kala'azar a Gadarif, wanda shi ma yake zuwa da zazzaɓi da kumburin saifa da ƙarancin jini, ga sikila. Duk gwajin da za a yi a nan sai ya tace waɗannan, in ba haka ba a ɗora wa sabon magani laifi ko yabon da ba nasa ba.

Batun amincewar iyaye yana da nauyi na musamman a wurin Hausawa, na Mai Wurno ta Sudan ne ko na Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu cikin rukunoni biyun, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya dace, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Yaron da ke sume ba zai jira a karanta shafi biyar ba, don haka a FEAST an fara da yardar baki, aka kammala ta rubuce bayan yaron ya daidaita. A Gadarif kuma lokacin maleriya ya zo daidai da girbin riɗi da dawa, uba yana gona mai nisa, uwa ko kaka ce a bakin gado. Larabcin takardar izini ba shi ne na kasuwa ba. Sai a samu mai fassara, a faɗa mata a fili cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi rukunin yaronta, kuma ko ta ƙi, atesunet ɗinsa na nan.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa cibiyoyin bincike na Khartum da Wad Madani, duk da haka a watan Nuwamban 2024 Sudan ta fara allurar rigakafin maleriya a jihohin Gadarif da Nilul Azrak. Ga gwajin tallafi, abin da gudun hijira ya fi lalatawa shi ne bibiya. Wasu illolin ba a gado suke bayyana ba. Bayan atesunet jajayen ƙwayoyin jini kan iya fashewa a mako na biyu ko na uku, shi ya sa ake son a sake auna jinin har zuwa wata guda. Farfaɗiya da kurumta da raunin koyo kuwa sai an duba yaron bayan wata shida ko shekara kafin a san ko sun tsaya, kuma iyalin da ke sansani a yau ba lallai a same su a can ba idan lokacin ya yi.