Ganyen da ke faɗawa kogi da ƙwarin ruwa inda aka gina madatsa: tambayoyi da amsoshi

Me ke faruwa da ganye idan ya faɗa cikin rafi?

A kwanakin farko ruwa yana wanke sukari da sauran abubuwan da ke narkewa daga jikinsa. Daga nan funfunar ruwa da bakteriya su mamaye shi, su tausasa shi, su ƙara masa sinadarin gina jiki, kuma sai bayan haka ne yake zama abin ci ga ƙananan halittu. Tsutsotsin wasu ƙwari, musamman masu gina wa kansu ɗan kwanso da yashi ko tsinkaye, suna taunarsa har ya zama ɓurɓushi. Wasu su tace ɓurɓushin daga ruwa, sannan tsutsar mazari da kifaye irin su tarwaɗa su ci su. A rafuka da dama na ƙasashe masu zafi ƙwarin da ke taunar ganye ba su da yawa, saboda haka kaguwa da dodon koɗi da funfuna, wadda ɗumin ruwa ke hanzarta aikinta, su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin.

Shin lokacin zubar ganye a Gombe da Bauchi yana da tasiri?

Yana da shi ƙwarai. Yawancin itatuwanmu suna zubar da ganye ne da hunturu zuwa bazara, lokacin da ƙananan rafuka suka ƙafe, don haka gara ce ke fara cin rabonta, ragowar kuma sai ruwan farkon damina ya kwashe ta gaba ɗaya zuwa manyan koguna. Gawo ne ya saɓa wa saura, domin shi da damina yake kaɗe ganyensa.

To, me madatsa ke canzawa a samanta?

A Daɗin Kowa, inda aka datse kogin Gongola a 1984, ko a Gubi da ke shayar da garin Bauchi, ruwan da ke gudu ya koma tafki. Ganyen da ambaliya ta kawo yana nutsewa ya kwanta cikin laka, inda iskar oksijin ke ƙaranci, sai ruɓewarsa ta yi jinkiri, har a riƙa samun iskar mitan, wato iskar gas da ruɓewa ke haifarwa, tana tasowa daga ƙasan tafkin. Ƙwarin da ba sa rayuwa sai a ruwa mai gudu suna raguwa, filin ya zama na jajayen tsutsotsin laka, waɗanda jikinsu ke ɗauke da sinadarin riƙe oksijin irin wanda ke cikin jininmu. A gefen tafki kuwa, inda ruwa ke kwance da ciyayi, dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yana samun wurin zama.

A ƙasan madatsar fa?

A nan ne abin ya fi ɗaukar hankali. Tun 1983 masana biyu, Ward da Stanford, suka bayyana madatsa a matsayin abin da ke katse jerin sauye-sauyen da kogi ke yi daga mafarinsa zuwa ƙarshensa. Ganyen sama ba ya ƙetarowa, kuma yawan ruwa ya dogara ne ga buɗe ƙofa da rufe ta, ba ga damina da rani kaɗai ba. Idan aka rage ruwa farat ɗaya, tsutsotsin da ke manne a duwatsu sukan bushe a wurin. Masu tace abinci ne ke cin riba, domin tafki yana sako musu ƙananan halittu masu yawo a ruwa. Cikinsu har da tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi, wadda ke son ruwa mai kumfa da sauri irin na magudanar madatsa.

Akwai abin da za a iya gyarawa ba tare da rushe madatsa ba?

Akwai. A bar ruwa yana gudana ko da kaɗan ne a tsakiyar rani, a riƙa buɗe ƙofofi da rufe su sannu a hankali, a kuma daina sare ɓaure da kanya da ɗinya na bakin kogi, tunda su ne tushen ganyen da ya rage wa ƙasan madatsa. A ganina maye gurbinsu da itacen turare ba gyara ba ne, domin man da ke cikin ganyensa yana hana ƙwarin ruwa da yawa cinsa.