Tsohon Ciki da Wahalhalunsa

Tsohon ciki shi ne zangon ƙarshe na goyon ciki, wanda likitoci ke lissafinsa daga mako na 28 har zuwa ranar da mace ta sauka. Cikin ɗan Adam yana ɗaukar kusan mako 40, wato kwana 280 kenan idan aka fara ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kuma duk haihuwar da tazo tsakanin mako na 37 da na 42 ana ɗaukarta a matsayin wadda tazo kan lokaci. A wannan zangon ne jiki yake ɗaukar nauyi mafi yawa, ga ƙwannafi, ga ciwon baya da ƙugu, ga kumburin ƙafa, ga fitsari bini-bini, barci kuma ya zama abin nema. Mafi yawansu ba cuta bane, aikin jiki ne da yake buɗa wa ɗa wuri, saidai akwai kaɗan daga ciki da suke kama da na yau da kullum alhali kuwa gargaɗi ne, kuma anan ne kalmar nan ta "ai haka ciki yake, ki daure" take cutar da mata.

Abin da yake faruwa a jiki

Mahaifar macen da bata da ciki nauyinta bai wuce giram 70 ba, amma zuwa watan haihuwa tana kaiwa kusan kilo 1 ita kaɗai, banda ɗan, banda ruwa, banda mabiyiya. Shi ɗan a mako na 28 yana wajen kilo 1 ne, sai ya ninka haka sau uku ko fiye a cikin makonni goma sha biyun da suka rage. Jinin jikin uwa yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma ruwan jinin yafi jajayen ƙwayoyin saurin ƙaruwa, shi yasa jinin ke tsinkewa a ga mace tana kasala da jiri ko da tana cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mai tsohon ciki cikin masu ƙarancin jini idan awon himoglobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza giram 11 a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita.

Sannan akwai sinadaran homon, waɗanda jiki ke fitarwa cikin jini don su sarrafa aikin gaɓɓai, irin su furojestaron da rilaksin. Furojestaron yana sassauta naman hanji da na jijiyoyin jini da bakin tumbi, rilaksin kuma yana cikin masu sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu. Rabin koke-koken tsohon ciki daga wannan sassautawar suke fitowa, ɗaya rabin kuma daga matsi ne kawai, mahaifa ta taso ta danne duk abinda ke maƙwabtaka da ita.

Tarihin yanda aka fahimci abin

Tun da daɗewa masu magani suke rubutu kan ciki. Akwai takardar Kahun ta tsohuwar Masar, wadda ake ƙiyasin an rubuta ta wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin tono kayan tarihi Flinders Petrie ne ya tono ta a 1889, kuma tana cikin rubutu mafi tsufa da aka sani kan lafiyar mata, duk da dai hankalinta yafi karkata ga samun cikin da hana shi. Likitocin Girka na dā sun yi imani wai ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas baya rayuwa, wannan ra'ayi ya daɗe ana kwafarsa daga littafi zuwa littafi shekaru aru-aru, ba gaskiya bane, duk makon da ɗa ya ƙara a ciki ƙarin ƙwari ne gare shi.

Wanda ya fi kula da ita kanta mai cikin a cikin mutanen dā shi ne Soranus, mutumin Afisa da yayi aikin likita a Rum wajen farkon ƙarni na 2. Ya bada shawarar idan ciki yayi nauyi ya rinjayo a watannin ƙarshe a tallafe shi da faffaɗan ƙyalle, a kuma riƙa shafa mai, wanda idan ka duba ba shi da wani nisa da bel ɗin tallafar ciki da ake sayarwa yanzu.

Lissafin ranar haihuwa da ake yi a wajen awo har yau sunan Franz Karl Naegele yake ɗauke da shi, likitan Jamus da ya koyar a Heidelberg ya rasu a 1851, kodayake wasu masu tarihi suna cewa Herman Boerhaave na ƙasar Holan ya riga shi. Ana ƙara kwana bakwai a kan ranar farko ta al'adar ƙarshe sai a ƙirga wata tara. Ƙiyasi ne kawai, kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ne na jarirai suke zuwa a daidai ranar, dan haka matar da ranarta ta wuce da kwana biyu uku ba ita kaɗai bace.

A 1872 wani likitan Ingila mai suna John Braxton Hicks, wanda yayi aiki a asibitin Guy's na Landan, ya bayyana cewa mahaifa tana ɗaurewa tana saki lokaci-lokaci tun kafin naƙuda, abinda mata suka daɗe da sani a jikinsu amma sai lokacin ya shiga littafin likitoci, wato naƙudar gwaji, har yanzu da sunansa ake kiranta. Adolphe Pinard na Faransa ya ƙirƙiro ƙahon sauraren bugun zuciyar ɗa a ƙarshen ƙarni na 19, wajen 1895 ake cewa. Shi kansa awon ciki a matsayin tsari baƙo ne, John William Ballantyne na Edinburgh ne yayi kira a 1901 da a ware wa masu ciki wuri a asibiti tun kafin naƙuda, kuma da gado ɗaya tak aka fara. Frederick Hisaw ya gano rilaksin a Amurka a 1926, an tace furojestaron a 1934, Ian Donald na Glasgow kuma ya wallafa aikinsa kan sikanin a 1958. Abin lura a duk wannan tarihi shi ne yawancin ƙoƙarin ya tafi ne wajen ceton rai lokacin haihuwa, wanda daidai ne, amma ciwon baya da rashin barcin da mace take kwana da su wata uku sai can baya-bayan nan aka fara musu bincike na ƙwarai, kuma har yanzu da sauran aiki.

Ƙwannafi da cushewar ciki

Ƙwannafi yana cikin waɗanda suka fi addabar mata a wannan zango. Bakin tumbi ya saki, mahaifa kuma tana turo tumbin sama, sai ruwan tsamin ciki ya riƙa haurowa maƙogwaro, mace taji ƙirjinta kamar an zuba garwashi musamman in ta ci ta kwanta ko ta sunkuya ɗaukar abu. Da yawa sai kaga loma biyar sun ƙoshi, bayan awa ɗaya yunwa ta dawo. Abinda ake ba da shawara shi ne a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a rage maiƙo da yaji, a bar tazara tsakanin abincin dare da kwanciya, a kuma ɗaga kai da kafaɗu da filo. In abin yaƙi, akwai magungunan kashe tsamin ciki da ma'aikatan lafiya ke bayarwa, saidai ana raba lokacin shansu da na maganin ƙarin jini saboda suna hana jiki zuƙar ayon, sinadarin da ke cikin maganin ƙarin jinin.

Bayan gida yana tauri saboda hanji ya rage gudu, maganin ƙarin jinin ma yana ƙara shi, yunƙuri da matsin mahaifa kuma su ke jawo basir. Ruwa da yawa, ganye, 'ya'yan itace da ɗan tattaki suna taimakawa.

Baya, ƙugu da ƙafafu

Da ciki ya turo gaba sai gadon baya ya ƙara lanƙwasa don mace ta samu daidaito, naman baya ya wuni a ɗaure, ga gaɓɓan ƙugu sun yi laushi, shi yasa tafiyar mai tsohon ciki take canzawa tana ɗan rangaji hannu ɗaya dafe da ƙugu. Wasu kuma ciwon a gaba yake, daidai inda ƙasusuwan mara suka haɗu, kuma an fi jinsa wajen hawa bene, ko ɗaga ƙafa ɗaya, ko juyi a gado. Juyin nan kaɗai aiki ne, sai ta haɗe gwiwoyi, ta tallafo cikin da hannu, ta dafa katifa da gwiwar hannu sannan ta mirgina a hankali, wani lokaci ma sai ta tashi zaune tukun ta huta. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2016 ta ce motsa jiki akai-akai yana rage ciwon baya da ƙugu, ta kuma ambaci gashi da atisayen asibiti da bel ɗin tallafi ga wadda take so kuma take da hali.

Ƙafa tana kumbura saboda jiki ya tara ruwa kuma mahaifa ta danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini sama. Irin wannan kumburin ƙafa biyu yake kamawa, yana ƙaruwa da yamma da lokacin zafi, da safe kuma ya saɓe, takalmi ya matse, zobe yaƙi fita. Ɗaga ƙafa in an zauna da rage doguwar tsayuwa da safa mai matsewa suna sauƙaƙa shi. Ɗaurewar sha-raɓa cikin dare ita ma ta zama ruwan dare, tana tashin mace daga barci da ihu, maganinta na take shi ne a miƙe ƙafar a janyo yatsu sama wajen ƙauri. Ba a gama sanin dalilinta ba. A hannu kuma ruwan yana iya matse jijiyar wuyan hannu yatsu su riƙa mutuwa, yawanci yana wucewa bayan haihuwa.

Numfashi, fitsari da barci

Mahaifa tana tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu sama da kusan santimita 4, wajen mako na 36 kuma samanta yana kaiwa kusa da ƙahon zuci, to dole mace ta riƙa haki ko magana ta daɗe tana yi. Idan kan ɗa ya sauka cikin ƙugu numfashi yana samun sarari, a cikin fari wannan na faruwa makonni kaɗan kafin haihuwa, ga wadda ta saba haihuwa kuma sai naƙuda ta zo wani lokacin. Amma fa sauƙin sama nauyin ƙasa ne, mafitsara ce take karɓar matsin, fitsari ya ƙaru, tari ko atishawa ko dariya su sa ɗan ɗigo ya zubo. Mata da yawa suna jin kunyar faɗin wannan, bai kamata ba, atisayen matse naman ƙasan ƙugu da Arnold Kegel ya bayyana a 1948 yana taimakawa sosai.

Kwanciya rigingine tana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke dawo da jini zuciya, wasu matan suji jiri da gumi da tashin zuciya nan take. Daga wani bincike da aka yi a Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a 2011 da waɗanda suka biyo bayansa ne aka fara ba da shawarar mace ta riƙa fara barci a gefe daga mako na 28. In ta farka ta ganta rigingine ba abin tashin hankali bane, ta juya kawai. Filo tsakanin gwiwoyi da wani ƙarƙashin ciki yana rage jan ƙugu.

Fata da nono

Nankarwa, baƙin layi daga cibiya zuwa mara, duhun fuska da ɗan ƙaiƙayin ciki duk an saba gani. Nono na iya fara ɗigar dakashi.

Naƙudar gwaji

Ciki ya ɗaure tam na ɗan lokaci, ƙasa da minti ɗaya zuwa biyu, sannan ya saki. Bata da tsari, bata ƙaruwa, kuma sau da yawa tana lafawa in an sha ruwa ko an canza zama. Ta gaske tana zuwa a jere, tana matsowa kusa-kusa, ƙarfinta yana ƙaruwa ko me aka yi.

Alamun da ba a jira da su

Wannan sashe shi ne wanda ya kamata miji da uwa da duk wanda ke gida tare da mai ciki su sani, ba ita kaɗai ba. Kumburin da ya zo farat ɗaya a fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani da baya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, waɗannan alamun hawan jinin masu ciki ne wanda ake ganewa idan awo ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20, kuma shi ne yake kaiwa ga jijjiga. Zubar jini komai ƙanƙantarsa, fashewar faya, naƙuda kafin mako na 37, zazzaɓi, zafin fitsari, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi da ciwo, haki mai tsanani ko ciwon ƙirji, da ƙaiƙayi mai hana barci a tafin hannu da tafin ƙafa wanda kan nuna matsalar hanta, duk asibiti ake tafiya a ranar. Haka in motsin ɗa ya ragu ko ya canza daga yanda ta saba ji. Maganar da ake yi wai ɗa yana daina motsi in haihuwa ta matso saboda wuri ya masa kaɗan kuskure ce mai haɗari, salon motsin na iya canzawa amma baya ɗaukewa.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa aƙalla takwas, biyar daga ciki a wannan zango suke: mako na 30, 34, 36, 38 da 40.

Abubuwan da ake saɓani a kai

Ko shan sinadarin maganiziyom yana hana ɗaurewar ƙafa, sakamakon bincike ya rabu. Man shafawa don hana nankarwa ba a samu hujja mai ƙarfi ba. Gefen hagu an daɗe ana fifita shi wajen kwanciya, bincike na baya-baya bai nuna bambanci mai yawa tsakaninsa da dama ba. Zancen cewa mai yawan ƙwannafi zata haifi ɗa mai gashi, wani ƙaramin bincike a jami'ar Johns Hopkins a 2006 ya ga alaƙa, amma mata 64 ne kawai a cikinsa.