Malam Aminu Kano

Malam Aminu Kano (1920–1983) ɗan siyasa ne kuma malami, wanda ya jagoranci jam'iyyun NEPU da PRP, ya kuma shahara da tsayawa wa talakawan Arewacin Najeriya. An haife shi a birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920, a gidan ilimi na zuriyar Genawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, ya yi aiki a kotun alƙali, don haka tun yana yaro ya ga yadda ake shari'a tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi.

Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, sannan ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, malami mawaƙi kuma ɗan gwagwarmayar siyasa. Kusancinsa da Zungur ya wasa masa tunani matuƙa. A 1946 ya tafi Jami'ar Landan ƙarin ilimin koyarwa, bayan ya dawo aka tura shi kwalejin horar da malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, a lokacin da ɗan boko ke ganin albashi shi ne rufin asiri.

A shekarar ce aka kafa NEPU, ya zama shugabanta a 1953. Abin da jam'iyyar ta sa a gaba shi ne rage danniyar En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna: aikin dole, da harajin da ake karɓa da tsangwama, da kotunan da ke ɗaure mutum don ya furta ra'ayinsa. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala, wasu suka bar garuruwansu. Abin da ya bambanta Malam da sauran masu adawa shi ne bai ɗauko hujjarsa daga waje ba. Daga Alƙur'ani da koyarwar su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, masu jihadin Sakkwato, kan adalcin shugaba yake kafa hujja, a tafsirinsa na azumi da kuma a kan dandalin siyasa, shi ya sa manomi da ɗan tireda suka fahimce shi ba tare da tafinta ba. Ya kuma dage kan ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, a zamanin da faɗar hakan kan jawo wa mutum zagi.

Ya ci kujerar Majalisar Wakilai a 1959, ya rasa ta a 1964. A mulkin Janar Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya, daga baya na lafiya. A 1979 ya yi takarar shugaban ƙasa a PRP bai yi nasara ba, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a Kano ƙarƙashin Abubakar Rimi, da Kaduna ƙarƙashin Balarabe Musa, aka soke haraji da jangali. Ba a daɗe ba PRP ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, rikicin da ya ɓata masa rai a ƙarshen rayuwarsa.

Har abokan hamayyarsa ba su musanta gudun duniyarsa ba. Mutumin da ya riƙe ma'aikatu biyu na tarayya ya ƙare rayuwarsa a gida ɗaya a Gwammaja, ƙofarsa a buɗe ga kowa, sanye da fararen kaya da jar hula. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓen da ya tsayar da mace, Bola Ogunbo, mataimakiyarsa. An binne shi a gidan nasa, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin duk sunansa suke ɗauke da shi.