Kayan zaƙi masu siffar bishiyar Kirsimeti: tambayoyi da amsoshi

Wanne ya fi sauƙi ga wadda ba ta saba gasa kek ba?

Birawni, wato kek ɗin cakulet mai danƙo, domin wuƙa ce ke fitar da siffar, ba sai an sayi kwanon gashi na musamman ba. Ki narkar da bota giram 115, ki zuba sukari giram 200, ki fasa ƙwai 2 ki juya sosai. Sai ki tankaɗe fulawa giram 65 da garin koko giram 40 da ɗan gishiri a ciki. Da zarar farin fulawa ya ɓace ki daina juyawa, yawan juyi ke sa shi tauri. Ki shimfiɗa takardar gashi a kwano mai santimita 20 kowane gefe, ki gasa a digiri 175 na minti 22 zuwa 25.

Yaya ake yanka shi ya zama bishiya?

Ki raba shi biyu a tsaye, kowane ɓari faɗinsa santimita 10. Sai ki bi kowane ɓari kina yankawa a karkace, sau ɗaya hagu sau ɗaya dama, gindin kowace bishiya santimita 5. Za ki samu 14 masu kusurwa uku, da guntayen gefe na ɗanɗano. Ki soka ɗan tsinke mai kauri ko siririn biskit a gindin ya zama kututture.

Me ya sa nawa ke marmashewa wurin yanka?

Gaggawa ce. Birawni mai ɗumi bai gama haɗe jikinsa ba, wuƙa kuwa janyo shi take yi. Ki bar shi ya huce sarai, ki sa a firij awa ɗaya. Ki tsoma wuƙar a ruwan zafi, ki goge ta tas, sannan ki danna ta ƙasa lokaci guda, ban da gurzawa. Bayan kowane yanka a sake gogewa. In kuma har yanzu yana farfashewa, to ya wuce lokaci a wuta: ya kamata tsinken gwaji ya fito da ɗan danshi manne a jikinsa, ba a bushe ƙarau ba.

Koren kirim ɗin da ake yi wa bishiyar ado da shi fa?

Bota mai laushi giram 100, garin sukarin kwalliya giram 200, madara cokali ɗaya. Ki buga botar ita kaɗai sai ta yi fari, sannan ki riƙa zuba sukarin kaɗan-kaɗan. Kala mai kauri ta fi ta ruwa, don ta ruwa tana tsinka kirim ya riƙa zubewa. Da bakin tsinke za ki ɗiba, kuma ki tsaya tun koren bai kai yadda kike so ba, saboda yana ƙara duhu bayan awa ɗaya ko biyu. Ki ɗura a leda, ki yanke bakinta kaɗan, ki matsa daga tsinin bishiyar zuwa gindi kina kai-komo. Ƙananan alewoyin ado a watsa su nan take kafin saman ya bushe, in ba haka ba ba za su kama ba.

Akwai wadda take tsayawa da kanta a faranti?

Akwai ta farin ƙwai. Ki buga farin ƙwai 2 sai ya yi kumfa, ki riƙa zuba sukari giram 100 cokali-cokali har ya yi sheƙi ya tsaya ƙyam a kan mabugi. Ki murtsuka kaɗan tsakanin yatsu, in kin ji ƙwayar sukari ki ci gaba da bugu, don sukarin da bai narke ba shi ke tsattsafo da ruwa bayan gashi. Ɗigon maiƙo ko na gwaiduwa kuma yana hana shi tashi, saboda haka kwanon ya zama wankakke busasshe. Ki sa kala, ki matsa dunƙule uku a kan juna, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Ki gasa a digiri 100 na awa ɗaya da rabi, ki kashe wuta ki bar su a ciki su huce. Kada a sa su a firij, danshi ke sa su yin danƙo. Mazubi mai rufewa ruf ya ishe su.