Waiwaye: Daga Garkuwar Yaƙi zuwa Lambar Tagulla a Gidajen Sarautar Turai

Dabbobin da ake gani a bayan tsofaffin lambobin tagulla na manyan gidajen Turai sun samo asali ne daga fagen fama. A tsakiyar ƙarni na 12, mahaya a Faransa da Ingila suka fara zana alamu a kan garkuwarsu da hatiminsu, sannu a hankali alamar ta zama abin gado da ɗa ke karɓa daga uba. Zaki ne ya fi yawa a cikinsu, kuma tun a 1198 hatimin Sarki Richard na Ɗaya na Ingila ya fito da zakuna uku, waɗanda har yau suke cikin tambarin sarautar ƙasar.

Sai dai garkuwa tana faɗin gidan da mutum ya fito ne kawai, ba ta faɗin halinsa. Wannan giɓi ne lambar tagulla ta cike lokacin da ta bayyana a Italiya. Wajen 1438 mai zane Pisanello ya zuba lambar Sarkin Rumawan Gabas, John na Takwas, wanda ya zo taron malaman coci a Ferrara, daga nan sarakunan biranen Italiya suka shiga yayin: fuskar mai lamba a gaba, a baya kuma wata dabba da gajeren take, galibi da harshen Latin.

A nan ne al'amarin ya yi armashi, domin dabbar ta daina zama gado, ta koma zaɓin mutum. A 1444, sa'ad da Leonello na gidan Este, mai mulkin Ferrara, ya auri Mariya 'yar gidan Aragon, Pisanello ya yi masa lamba da ke nuna wani yaro mai fukafukai, alamar soyayya, yana koya wa zaki waƙa, wato aure ya tausasa mai ƙarfi. A 1449 ya yi wa surukin Leonello, Sarki Alfonso na Napoli, gaggafa tsaye a kan mataccen ɗan barewa, ƙananan tsuntsaye na kewaye suna jiran rabonsu, da rubutu mai yabon karamcin sarki. Duk wanda ya riƙe wannan lamba a fada ya san cewa shi ne ƙaramin tsuntsun. Gidan Malatesta kuwa, masu mulkin birnin Rimini, giwa suka riƙa, tana nan a bayan lambar Isotta, wadda mai mulkin birnin ya aura, takensu kuma yana cewa giwar Indiya ba ta tsoron sauro. Bahaushen da ya saba jin kirarin sarakuna ba zai sha wuyar gane wanda ake nufi da sauro ba.

Sarakunan Faransa sun bi sahu. Louis na 12 ya ɗauki beguwa da taken "kusa da nesa", saboda a lokacin an yi imani cewa tana harba ƙayoyinta ga maƙiyi.

A 1555 aka buga littafin Paolo Giovio, marubuci ɗan Italiya, da ya tsara ƙa'idojin wannan fasaha, inda ya ɗauki hoto a matsayin jiki, take kuma a matsayin rai, ya kuma ce kada ma'anar ta ɓuya ƙwarai, kada kuma ta fito fili har kowa ya gane. A ganina wannan sharaɗi shi ne ya fi tona manufar lambobin: an yi su ne domin 'yan fada masu ilimi su fahimci juna, talaka kuma ya ga dabba kawai. Shi ya sa mai nazarin su a yau yake kuskure idan ya ce zaki jarumta ce a ko'ina, ba tare da ya karanta taken ya kuma binciki shekarar da aka zuba lambar ba.

Da juyin juya hali ya zo Faransa, majalisa ta soke muƙaman gado da tamburan gidaje a Yunin 1790. A Ingila kuwa hukumar kula da tambura, wadda aka kafa a 1484, tana ci gaba da bayar da sababbi a Landan.