Les Guignols de l'info

Les Guignols de l'info shiri ne na barkwanci da zambo wanda tashar Canal+ ta Faransa ta watsa daga ranar 29 ga Agusta 1988 zuwa 22 ga Yuni 2018. An tsara shi kamar labaran ƙarfe takwas na dare, sai dai babu ɗan Adam ko ɗaya a gaban kyamara. Mai karanta labarai, shugaban ƙasa, ministoci, ƴan ƙwallo da mawaƙa, duk ƴan tsana ne na roba masu kamannin mutanen gaske, an ƙara wa wannan tsawon hanci, an faɗaɗa wa wancan kunne. Shirin bai cika wuce minti takwas ba, ana yin sa daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Lahadi kuma a tattara na mako a maimaita. Duk da cewa Canal+ tashar biyan kuɗi ce, shekara da shekaru a buɗe ake watsa shi, kowa a Faransa na iya kallo kyauta.

Suna da asali

Guignol sunan wata ƴar tsana ce ta birnin Liyon, wadda Laurent Mourguet ya ƙirƙira wajen 1808. Mourguet masaƙin siliki ne da sana'a ta mutu masa, ya koma cire wa mutane haƙori a kasuwa, yana wasa da ƴan tsana don ya tara jama'a. Guignol ɗinsa talaka ne mai baki, da ɗan kulki a hannu, wanda yakan ƙare wasa da jibgar jandarma. A faransancin yau kuma in an ce wa mutum "guignol", ana nufin sakarai ne, abin dariya. Saboda haka sunan shirin harshen damo gare shi: ƴan tsanan labarai, ko kuma sakarkarun da ke cikin labarai.

Daraktan shirye-shiryen Canal+, Alain De Greef, shi ya kawo shawarar, bayan ya ga nasarar Spitting Image da aka fara a Ingila a 1984. Alain Duverne ne ya ƙera ƴan tsanan. Da farko sunan shirin Les Arènes de l'info, ɗan tsagi ne cikin babban shirin maraice na Nulle part ailleurs, kuma bai yi wani tashe ba, domin a lokacin Le Bébête Show na tashar TF1 ne ke riƙe da fagen. A 1990 aka sauya masa suna. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ne ya ɗaga shi: yayin da manyan tashoshi ke cika dare da tsofaffin janar-janar suna nuna taswira ba tare da wani sabon labari ba, ƴan tsanan suka mai da wannan salon aikin jarida abin dariya.

Yadda ake yin sa

Marubuta uku ko huɗu ne kan zauna da safe da jaridun ranar, su rubuta abin da za a yi da yamma. Cikin waɗanda suka yi suna akwai Benoît Delépine, Jean-François Halin da Bruno Gaccio, wanda ya yi aiki daga 1992 zuwa 2007. Sashen teburin labarai kai tsaye ake yin sa, a gaban ƴan kallo. Kowace ƴar tsana mutum biyu ke motsa ta: ɗaya ya zura hannu cikin kai yana buɗe baki, ɗayan kuma ya ara mata hannuwansa. Suna duƙe a bayan tebur, idonsu kan ƙaramin allo, kunnensu ga mai kwaikwayon murya da ke gefe, don leɓen roba ya yi daidai da magana. In ƴar tsana ta sosa ƙeya ko ta buga tebur, hannun wani ne da ba ya ko ganin fuskarta.

Uban muryoyin shi ne Yves Lecoq. Shi ke yin PPD, mai karanta labaran, wanda aka kwaikwayo daga Patrick Poivre d'Arvor, mai gabatar da labaran dare na TF1 daga 1987 zuwa 2008. PPD kan buɗe shirin da gaya wa ƴan kallo cewa kallon talabijin ɗinsu ya yi yawa, ya rufe da sallamarsa ta "À tchao bonsoir", wadda ta shiga bakin yara da manya. Ko bayan an sauke na gaske daga kujerarsa a 2008, na roba ya ci gaba da zama a tasa.

Shirak da tuffa

Babu ɗan siyasar da sunansa ya haɗu da shirin kamar Jak Shirak. A 1993 ɓangarensa ya ci zaɓen majalisa, amma ya bar wa amininsa na shekara talatin, Édouard Balladur, kujerar firaminista, shi yana jiran zaɓen shugaban ƙasa na 1995. Da Balladur ya ɗanɗana kujera ya ga farin jininsa ya hau, sai ya tsaya takara da kansa, manyan jam'iyya da dama suka bi shi, har da Nikola Sarkozi. Ƴan tsanan suka nuna Shirak a matsayin wanda aka ci amanarsa, yana zaman kashe wando, yana ƙirga shekara biyun da suka rage masa. Da ya fitar da littafin yaƙin neman zaɓe mai hoton itacen tuffa a bango, sai suka ɗora masa taken "Ku ci tuffa", wato duk manufarsa ke nan.

Zambo aka nufa, amma ya zama talla. Mutane, musamman matasa, suka ji tausayin wannan dogon mutum mai fara'a da abokai suka yashe. Shirak ya wuce Balladur a zagayen farko, ya kayar da Lionel Jospin a na biyu a watan Mayun 1995. Tun daga nan ake gardama kan ko ƴan tsana ne suka naɗa shi. Da wuya a ce shirin minti takwas ya juya ƙuri'ar ƙasa guda, amma gardamar kanta ta nuna inda shirin ya kai. A 2002 marubutan suka juya masa baya, suka sa masa riga irin ta Superman da sunan Supermenteur, wato sarkin maƙaryata, saboda zarge-zargen almundahana na zamanin da yake magajin garin Paris. Bai hana shi komawa mulki da kashi 82 cikin ɗari ba, da yake Jean-Marie Le Pen, ɗan tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi, ne ya tsaya masa a zagaye na biyu.

Wani tauraron shirin shi ne Monsieur Sylvestre, mai fuskar ɗan fim Sylvester Stallone. Ya fara fitowa a kayan sojan Amurka, daga baya ya sa kwat ya zama kakakin World Company, wani kamfanin ƙage da ya mallaki duniya. Yakan yi bayanin yadda za a tatsi ƙasashe matalauta cikin murmushi, kamar mai karanta farashin hatsi. Wasu sun zargi shirin da ƙin jinin Amurka saboda shi, wasu kuma sun soki marubutan da koya wa matasa cewa duk ƴan siyasa kanwar ja ce.

Shari'a da masu gida

Jacques Calvet, shugaban kamfanin da ke ƙera Fijo da Citroën a lokacin, ya kasance abin taɓawar shirin, inda ƴar tsanarsa ke kushe motocin kamfaninsa da bakinta. Kamfanin ya kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa da sauka, har babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta yanke a ranar 12 ga Yuli 2000 cewa babu mai hankalin da zai ɗauki zancen ƴar tsana a matsayin labari na gaskiya. Canal+ ta yi nasara.

Shirin bai ƙyale masu gidansa ba. Jean-Marie Messier, shugaban kamfanin Vivendi mai mallakar tashar a lokacin, ya sha laƙabin J6M, mai ɗaukar kansa ubangidan duniya. Ya haɗiye. Wanda bai haɗiye ba shi ne Vincent Bolloré, sunan da ba baƙo ba ne a Nijar: kamfaninsa ne ya shimfiɗa layin dogo na kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, wanda aka yi bikin buɗewa a 2016 amma bai zama hanyar sufuri ba. Bolloré ya hau shugabancin Vivendi a 2014. A tsakiyar 2015, kwanaki kaɗan bayan mutuwar De Greef, labari ya bazu cewa za a soke shirin. Aka yi ca, har shugaba Faransuwa Olande ya tofa albarkacin bakinsa. Ba a soke ba, amma an sallami marubuta huɗu, kuma da shirin ya dawo a watan Disamba sai mai biyan kuɗi kaɗai ke iya gani. An rage siyasa, an ƙara ƴan wasa da mawaƙa, an kau da PPD daga tsakiyar shirin. Ƴan kallo suka watse. Shirin da ya ga mulkin Miteran, Shirak, Sarkozi, Olande da farkon na Makron ba tare da wata gwamnati ta rufe shi ba, mai kamfani ne ya kashe masa kaifi kafin a binne shi a 2018.

A Maraɗi da kewaye

A Maraɗi shirin bai zama na kowa ba. Sai gidan da ke da kwano da dekodar Canal, sai kuma wanda ya yi lakwal har yana bin jaridun Faransa, domin rabin dariyar na cikin sanin wane ne Balladur da abin da ya faɗa jiya. A fada, in an kunna tele kafin ƙwallo, dariyar kashi biyu take zuwa: malamin makaranta ya fara ƙyalƙyalewa shi kaɗai, sannan ya juya ya mai da zancen Hausa, sauran su yi tasu bayan an riga an wuce wurin. Mai dafa shayi kuwa hancin ƴar tsanar ya ishe shi. Garin da ke kallon Katsina da Kano fiye da Paris, barkwancin Rabilu Musa Ibro ya fi kusa da zuciyarsa.

Salon kansa dai ba sabo ba ne ga Bahaushe. Ɗan kama yakan zauna kamar malami, ya buɗe baki da muryar karatu, amma tuwo da miya yake jerowa. Wannan shi ne ainihin dabarar PPD, a ɗauki siffar abu mai kwarjini a cika ta da shirme. Yaran tashe na kwaikwayon manya cikin azumi ba wanda ya tsawata musu. Wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari, ya ba mutum izinin faɗa wa ɗan'uwansa abin da ba ya faɗuwa, kuma a 2014 UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam. A Télé Sahel, wasannin Yazi Dogo sun daɗe suna yi wa ma'aikata da alhazan birni hannunka mai sanda. Bambancin shi ne, habaicin gida ba ya kama suna, alhali Guignols suna da fuska da murya duk yake kamawa.

Wasu ƙasashen Afirka sun ɗauki salon ƴan tsanan kai tsaye: The XYZ Show na mai zanen barkwanci Gado a Kenya, da ZANews a Afirka ta Kudu, duka a 2009. Ɗan Nijar da ya fi yin suna a wannan fage, Mamane, haifaffen Agadas a 1966, ya bi tafarkin habaici. Tun 2009 yake ba da labarin wata ƙasar ƙage a rediyon RFI, Jamhuriyar Gondwana mai tsananin dimokuraɗiyya, da shugabanta da ba ya sauka, wanda ba a taɓa ambata sunansa ba. A 2016 ya fara Le Parlement du rire a Canal+ ta Afirka, majalisar dokoki ta barkwanci da ake ɗauka a Abijan, shi ne shugaban majalisa, Michel Gohou da Digbeu Cravate da Charlotte Ntamack ne mataimakansa.